Ba Ci Yake Ba, Sha Yake

Akwai wata Talata da har yau in na tuna ta nake jin kunya ta rufe ni. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibiti a Rano, ni ke kula da masu ciwon sukari da hawan jini. Tsarin shi ne, duk Talata in auna nauyinsu da sukarinsu, in ba su shawarar abinci. Likita kuwa daga Kano take zuwa sau ɗaya a wata, ta duba waɗanda lamarinsu ya fi ƙarfina.

Cikin marasa lafiyata akwai Malam Ado, wanda ya koyar da ni a firamare. Mutum ne mai jiki, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar allura. Likita ta gaya masa in bai rage ƙiba ba, ƙwaya ba za ta ƙara riƙe sukarinsa ba, sai dai allurar insulin kullum. Na tsara masa abinci, na ce ya riƙa tafiya a ƙafa kowace safiya. Ya kuwa ɗauki abin da gaske. Daga ya idar da asuba sai ya kama hanyar Saji, garinmu, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga.

Wata uku ana haka, sikeli ya ƙi motsi, sukari ma sai ƙara hawa. Na san inda masu atisaye ke faɗuwa: mutum ya yi gumi, ya ga ai ya ƙona abinci, sai ya zauna ya mayar da ninkinsa. Don haka duk zuwansa sai na tambaye shi, "Malam, bayan tafiyar nan kana cin wani abu?"

"Wallahi Nura, ba na cin komai sai azahar."

Malam Ado bai taɓa ƙarya a gabana ba, ni kuma ba ni da idon da zan tuhumi malamina. Sai na yanke cewa jikinsa ne ya ƙi, na kai shi gaban likita. Har da ɗan alfahari na yi mata bayani: ga abinci an kiyaye, ga tafiya ba fashi, ba abin da ya rage sai allura. Ta duba sakamakon, ta ce to, a fara.

Idon Malam ya kawo ruwa. Can ya ce, "Shi ke nan, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Amma Likita, allurar kafin in sha furar za a yi, ko bayan na sha?"

Likita ta ajiye biro. "Wace fura, Malam?"

"Wadda nake sha in na isa Saji, a gidan su Nura. Mahaifiyarsa ke aiko min da ita zaure. Kwano guda ne, da nono da ɗan sukari, don a mayar da ƙarfin da hanya ta cinye."

Na ce, "Malam, ai ka ce ba ka cin komai."

Ya dube ni irin kallon da yake min a aji. "Nura, ana cin fura ne?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni Bahaushe, ɗan Saji, na kwashe wata uku ina tambayar mutum abin da yake ci, ban taɓa tambayar abin da yake sha ba. Kuma kwanon da ya kusa jawo masa allura, na san shi, da shi aka yaye ni.

Likita ba ta yi min faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juya ta yi wa Malam bayani a hankali, cewa tafiyarsa ba ta ƙona abin da ke cikin kwanon nan, kuma mai son rage jiki ba ya biyan kansa duk abin da ya ƙona. In ya ji jiri ko rawar jiki, wannan daban, ya sa wani abu a baki nan take, saboda maganin da yake sha. Ta ɗaga allurar zuwa wata biyu.

Da yamma na je gida. Inna ta saurare ni, ta ce, "Malaminka ya zo ƙofata yana haki, in ba shi ruwa zalla? Kai ma ka san ba za a yi ba." Da ƙyar muka daidaita a kan ludayi biyu, ba sukari. Sikeli ya fara sauka, kuma har na bar Rano allura ba ta taɓa jikin Malam ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mutanenmu ba safai suke ɓoye mana gaskiya ba, abin da muka tambaya suke amsawa. Koko da kunu da shayi sha ake yi, haka rake da mangwaro. Ni dai tun ranar ban ƙara sallamar mara lafiya da tambaya ɗaya ba. Malam Ado kuwa bai bar ni na huta ba. Ko a taron biki muka haɗu, sai ya ɗaga murya ya ce, "Nura, yau ci za ka tambaya ko sha?" Ni kuma in sunkuyar da kai in gaishe shi.