Ƙullin da hannuna ya ƙi

Shekarun baya yayana ya yi mini ƙarya a gaban mutane. Ya ce ni na karya abokina da sakaci, kuma ya rantse ban buɗe baki na ce komai ba. Na ce. Allah ya san na ce.

Rijiyar garkarmu ce, wato lambunmu na bakin gulbi, ta cika da yashi, muka je yasa mu uku. Abokina shi ke shiga, don ya fi mu rashin nauyi. Ni ke ɗaure igiya, yayana shi ke ba da umarni, aikin da ya fi iyawa ke nan. Tun tasowata da igiyar kaba nake ɗauri. Ranar sai yayana ya zo da sabuwa ta leda, shuɗiya, daga kasuwar Ɗan Issa, yana ta yabonta kamar shi ya saƙa.

Na ɗaura wa abokina a ƙugu, ƙullin da na saba. Ina ja, sai hannuna ya tsaya da kansa. Igiyar kaba in ka ja ta, tana cizo, kana jin cizon a yatsu. Wannan ba ta ciza ba. Idona bai ga aibu ba, kaina bai kai ga tunani ba, amma gabana ya riga ya faɗi.

Na ce, “Yaya, dakata in sake ɗaurin nan. Ban ji shi ba.”

Ya ce, “Da kunne ake jin ƙulli? Kai da waswasinka, alwala ma sau uku kake sakewa. Rana na yi.”

Abokina ya yi dariya ya ce, “Mutumina, in na faɗa ai ruwa zan sha, sake ni.”

Ni kuma, ƙaton banza, kunyar dariya ta kama ni. Na sake shi cikin rijiyar.

Bai kai rabi ba ƙullin ya zame, igiyar ta yi sakayau a hannunmu. Ba ruwa ya tarar ba, tsohon bulo ne a ƙasa. Ƙugunsa ya tafi. A amalanke muka kai shi likita, daga can aka wuce da shi Maradi. Har yau da sanda yake tafiya, kuma bai ƙara noma da hannunsa ba. Shi bai tuna me aka ce a bakin rijiya ba, ya ce daga dariyar nan sai farkawa a gado. Shi ya sa ƙaryar yayana ta zauna.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na gane abu guda. Akwai wani abu a cikin kan mutum da ke bin sawun hannunsa, ya san yadda aiki ya kamata ya ji, kuma yana ihu tun kuskure bai gama faruwa ba. Nawa ya yi ihu. Ni na toshe masa baki. Wannan ya fi ƙaryar yi mini ciwo. Yanzu ko akuya na ɗaure, in hannuna ya ƙi, kwancewa nake, kowa ya yi dariyarsa.

Sai bayan rasuwar mahaifiyarmu na tare yayana, don ba na so ta ji muna sa-in-sa. Na same shi a garkar, kusa da rijiyar. Na ce masa, “Yaya, ni na ɗaure, ni na saki, wannan nawa ne har kabari. Amma na ce a dakata, kuma ka ji ni. Ka ci gaba da faɗa wa gari abin da kake so. Duk ranar da ka ji sandar abokina tana wucewa ta ƙofar gidanka, kai ma ka san rabonka a ciki.”