Na je ɗauko Yaya daga reya

Mun tashi da asuba daga Gaya mu uku: ni, matar wana Yaya, da direba. Dangi sun yanke shawara a maido Yaya gida. Tun da korona ta kada shi anka sa shi wani ɗaki a likitar Dosso, wato asibiti, reya suke ce ma ɗakin, inda ake aje masu ciwo mai tsanani, kuma anka hana kowa zaman jinya. Mu ba mu saba barin namu hannun baƙi ba. Wa zai juya shi, wa zai ba shi kunu? Ni anka tura don an san bakina ba ya da birki.

Kamiyoyin Kwatano, manyan motocin kaya, na jere bakin gudro, wato kwalta, direbobi kwance ƙarƙashinsu. Munka bar giginyu baya, zafi ya fara. Duk shingen jandarma sai mu ja takunkumi zuwa hanci, in mun wuce ya koma haɓa. Munka tsaya karin kumallo, kifin dala ɗari ya ninka, ya zama jaka guda. Mai suyar ta ce korona ce. Ban san cutar ta shiga kogi ba.

A likita an ɗaure igiya nesa da ƙofar ɗakin. Na tsallake ta. Na yi ta faɗa har wani ma'aikaci ya fito cikin rigar leda, zufa ta cika mishi ido. Bai gaishe ni ba, abin ya ƙara ƙona ni.

"Ko sallama ba a koya muku ba?"

"Baba, yi haƙuri, faɗi da sauri. Mu biyu ne yau kan gadajen nan duka."

Ya ce an raba su kashi-kashi don in wasu sun kamu wasu su saura, to kashin da zai canje su rabi na kwance. Shi daga ɗakin fiɗa anka jawo shi, abokiyar aikinshi ungozoma ce. Ya ce in an cire ma Yaya iskar numfashin da anka sa mishi, ko tasha ba zai kai ba. Duk na ji, amma ban saurara ba. Da ya juya na riƙe mishi hannun riga, na shiga gaya mishi ko mu su wane ne a Gaya.

Sai wata na'ura ta kama kuka ciki. Ya fizge, amma tun da ya fito waje kuma na taɓa shi, dole ya tsaya ya canza safar hannu. Na leƙa ta gilashin taga. Ungozomar na can ƙarshen ɗaki, tallabe da wata mata mai amai, ba halin ta sake ta. Kusa da gadon Yaya wani tsoho abin iskar ya zame mishi daga fuska, shina buɗe baki kamar kifin da anka jefa tudu. Yaya, wanda ko zama ba ya iyawa, ya miƙa hannu shina ƙoƙarin tura mishi abin. Hannun bai kai ba.

Da ma'aikacin ya shiga ya kama tsohon, Yaya ya juyo ya gan ni. Bai yi murmushi ba. Ya ɗaga bayan hannu ya kore ni yadda ake korar kaza daga shanya.

Ko tsohon ya tashi, ban sani ba. Ban iya tambaya ba.

Hanyar dawowa ba abin da na gani. Matar Yaya ta ga komi ta tagar ɗakin, ta juya mini baya har gida, wannan ya fi zagi.

Mun iso bayan la'asar, an share ɗakin Yaya, dattawa na zaune ƙofar gida suna leƙen bayan mota. Baffanmu ya ce, "Ina shi?" Na ce shina inda ya kamata. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: inda mutum biyu ke riƙe da numfashin ɗaki guda, duk wanda ya tsaida ɗaya da surutu, daga numfashin wani ya ɗiba. Sun ce gobe a sake tura ni. Na ce duk mai zuwa ya tsaya bayan igiya.