Inda Maganaɗisu Ya Ƙi Kamawa

Daga bayan teburin shayinta a filin gwanjon tsofaffin motoci, Maureen tana kallon wani dattijo da ba ta taɓa gani ba. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, takalmansa kuwa sun sha goga. Yana tsaye kusa da wata koriyar mota ƙirar Morris Minor, hularsa a hannu.

Dillalai biyu suna musu a gabansa. Ɗaya yana cewa Jaguar ɗin can ta fi kowace gudu.

"Gudun me, Clive?" in ji ɗayan. "Wa ke sayen gudu? Wadda ba a taɓa ba ita ke da daraja."

Ya ciro maganaɗisu yana bin jikin Morris ɗin da shi, yadda suke yi don gano inda aka cike lotsawa aka rufe da fenti. A saman tayar hagu maganaɗisun ya faɗi ƙasa.

"Baba, an daki nan fa. Farashi ya sauka."

"An daka," in ji dattijon. "Matata ce, tana koyon tuƙi. Ƙofar gona ta ƙi kauce mata."

Shi kaɗai ya yi dariya, dariyar ma gajeriya. Sai Maureen ta lura zobe biyu ne a hannunsa, siririn a ƙaramin yatsa, da alama na matar ne, ta rasu ta bar shi. Wataƙila 'ya'ya ne suka ce tuƙin ya isa haka, ya sayar da motar.

Dillalan sun wuce wajen Jaguar. Shi kuwa ya ɗora tafinsa a wurin da matarsa ta daka, bai ɗauke ba har aka kira lambar motar.