Rowar da ta kusa hana ƙanwata jarrabawa

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da rowata ta kusa jawo wa ƙanwata asarar shekara guda ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina haya a Mpape, ɗan abin da na samu kuma a kirifto, wato kuɗin intanet, nake ajiyewa. Maƙwabcina ɗan Filato ne, yana da wata tsohuwar kwamfuta da ba ya kashewa, tana cikin kwamfutocin da ke tantance kowace hada-hada a tsarin kirifton. Gardamarmu ɗaya ce kullum. Ni ina cewa a faɗaɗa tsarin ya riƙa ɗaukar mutane da yawa lokaci guda, cajin aikawa ya sauko. Shi kuma ya ce in aka faɗaɗa, irin kwamfutarsa ba za ta iya ba, manyan kamfanoni kaɗai za su rage, mu koma hannun banki da sabon suna. Nakan tsokane shi da mai gadin gwangwani.

Wata rana ƙanwata ta kira tana kuka, ƙarfe huɗu za a rufe rajistar jarrabawarta ta ƙarshe a makarantar koyon jinya, ga shi ba ta da kuɗin biya. Nan take na tura wa mai canji kirifto don ya ba ni naira. Ranar akwai cunkoso, kuma wanda ya fi biyan caji shi ake fara sallama. Don haushi na zaɓi mafi ƙanƙanta. Wai ni mai aƙida!

Ƙarfe biyu shiru, uku saura kwata shiru. Mai canji ya ce, "Oga, ni fa ban ga komai ba." Kuɗi sun bar hannuna, ba su isa nasa ba.

Na haɗiye girman kai na buga ƙofar maƙwabcina. Ya duba kwamfutarsa ya ce, "Haba oga, kana can ƙarshen layi. Wannan caji ko fiya wata ba zai saya ba." Sai ya nuna mini yadda zan ƙara cajin. Na biya ninkin ba ninki. Huɗu saura minti goma ƙanwata ta turo hoton rasit. Na zauna dirshan a ƙasa, ban da alhamdulillahi ba abin da nake faɗi.

Maƙwabcina ya ce, "To, yanzu ka yarda?" Na ce ina, abin da ya faru ma hujjata ce, da an faɗaɗa tsarin da ba a yi cunkoson ba.

Har yau ban sauya ra'ayi ba. Amma na koyi cewa in zan yi taurin kai, in yi shi a kan abin da yake nawa. Wadda ta kusa shan wahalar aƙidata yarinya ce da ba ta ma san ana gardamar ba.