Ranar da Na Riƙe Jakar Wayoyi

A shekarata ta uku a jami'a, a Lyon ta ƙasar Faransa, aka ba ni kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarmu. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne. Ni ɗan baya ne mai nauyin ƙafa da yawan faɗa, kuma kocinmu, wani Bature da ya kusa ajiye aiki, ya lura cewa in na daka tsawa har mai tsaron gida yakan farka. Aikin kyaftin a wurinmu biyu ne: ka gaisa da alƙalin wasa, ka kuma riƙe jakar wayoyi. Dokar koci ce, duk ranar wasa da zarar mun haɗu sai kowa ya jefa wayarsa cikin wata tsohuwar jaka shuɗiya, ba mai sake ganinta sai an tashi.

Hausawa mu biyu ne a ƙungiyar, ni daga Maraɗi, abokina daga Damagaram. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Guillotière, a saman wani shagon kayan miya. Shi ne lamba tara, siriri kamar a hura shi ya faɗi, ga dariyar tsiya. In na ɓarar da ƙwallo yakan ce mutanen Maraɗi ciniki suka iya, har ƙwallon ma sayarwa suke yi. Mahaifinsa tela ne, ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, kuma abokina ya shirya zuwa gida da zarar an gama jarrabawa.

Kakar ta fara mana da muni. Ranar Alhamis da yamma ake wasannin jami'o'i, kuma Alhamis huɗu a jere muna dawowa cikin taram, jirgin cikin gari, da taɓo har gwiwa. Bayan hutun hunturu ne abubuwa suka juya. Abokina ya fara jefa ƙwallo kusan kowane mako, 'yan baya muka daina zargin juna. Kafin mu ankara, cikin Afirilu, sai ga mu za mu Paris mu kara da wata makarantar injiniyoyi. Wanda ya ci zai shiga cikin huɗun ƙarshe. A sanin kocinmu, makarantarmu ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Ranar wasan da safe muna tashar jirgin ƙasa, na gama tattara wayoyin kowa saura tawa, sai ta yi ƙara. Kawun abokina ne, wani dattijo mai aiki a rumbunan kaya na Aubervilliers, a gefen Paris. Sau biyu na taɓa cin tuwo a gidansa. Ya taƙaita gaisuwa, abin da ba halinsa ba.

"Yana kusa da kai?"

Na ce yana can yana sayen kofi.

"To matsa gefe. Allah ya yi wa babanshi rasuwa da asuba. Bayan azahar za a kai shi. Ka ji ni da kyau, ɗana: kar ka hwaɗa mishi. Ba a ba mutum irin wannan labari bisa hanya, kuma ba kai za ka ba shi ba. In kun ƙare ka kawo mini shi gida."

Na yi salati. Na ce, "Alhaji, to wasan fa?"

"Ko ya yi ko bai yi ba, ba ya iske jana'iza. Ka dai kawo shi lahiya."

Na san wannan tarbiyya, da ita aka rene ni. Labarin mutuwar uba sai babba, a zaune, a cikin gida, inda in mutum ya faɗi akwai masu tare shi. Ban yi gardama ba. Na jefa wayata cikin jakar, na zuge.

Awa biyu ne daga Lyon zuwa Paris, kuma ban taɓa yin tafiyar da ta kai ta tsawo ba. Jakar tana kan cinyata. Can cikinta wata waya ta yi ta kaɗawa, ta tsaya, ta sake, kuma na san ko ta wa ce, don ba kowa kawu zai iya toshe wa baki ba. Abokina yana gefena yana cin biskit yana zana wa wani ɗan tsakiya yadda zai riƙa turo masa ƙwallo. Ya dube ni ya ce, "Kapiten, ça va? Lafiya kuwa? Tsoro ne ya kama ka tun ba mu kai ba?" Na ce cikina ne. Ya yi dariya ya ce in cire hannu daga yaji.

Ƙarfe uku aka take wasa. A Damagaram ƙarfe biyu ke nan, kuma ban iya hana kaina wannan lissafi ba. Ban taɓa buga wasa da mugunta irin ta ranar ba. Na tokare wani dogon yaro har aka ba ni katin gargaɗi, na zagi mai tsaron gidanmu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Haushi nake ji, na kawu, na koci da jakarsa, na kaina.

Bayan hutun rabin lokaci ƙwallo ta zo wa abokina daga gefen dama. Ya tare ta da ƙirji, ya juya, ya narka ta a raga. Sai ya ruga kusurwar fili ya kama rawa, irin ta samarin garinsu a gidan biki, kafaɗa na karkarwa, ƙafa na sharar ƙasa. Turawa da Larabawan ƙungiyarmu suka zagaye shi suna kwaikwayo. Na taho da gudu daga baya da niyyar in rungume shi in tsayar da shi. Da na iso, ya miƙo mini hannu yana dariya, sai na ji tsoron kada ya karanta fuskata. Na tsaya na tafa masa. Har yau in na tuna tafin nan kunya nake ji.

Da ɗaya da nema muka ci. A ɗakin sauya kaya na raba wa kowa wayarsa, na bar tasa a ƙasan jaka, na ce kawu ya gayyace mu cin abinci, mu yi sauri. Ya ce in ba shi ya kira gida ya yi albishir. Na ce in mun isa. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai daina ba ni labarin ƙwallon ba, kamar ba a gabana aka ci ta ba.

A bakin ƙofar kawu takalman maza ne jere har kan matakala. Ya dube su, ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Kawu ya kama hannunsa ya zaunar da shi a tsakiyar dattawa, aka ba shi ruwa, sannan ya gaya masa a hankali. Bai yi ihu ba. Ya yi salati, hawaye na zuba. Tambaya ɗaya ya yi: ƙarfe nawa aka kai shi? Aka gaya masa. Na ga leɓɓansa na motsi, na san lissafin da yake yi.

Kwana uku muka yi a gidan ana karɓar gaisuwa. Bai ce mini komai ba, ban da abin da ya zama dole. Wasan gaba babu shi muka buga, aka yi mana uku da nema, kakar ta ƙare a nan, kuma ban ji komai ba.

Sai da ya je gida ya dawo muka yi maganar. Wata yamma ce muna tsinkar alayyafo a ɗaki. Na ce ya yafe mini. Na fara kawo hujja, cewa umarnin babba ne, cewa ko na faɗa ba zai iske jana'iza ba. Ya ɗaga hannu.

"Na sani. Ko ni aka ce wa haka, shiru zan yi. Ban riƙe ka da wannan ba."

Ya ci gaba da tsinkar ganyen, bai dube ni ba.

"Amma kana nan tsaye, kuma ka san ana sa shi cikin ƙasa. Ko ƙarya ce ka yi mini, ko mari. Da ka hana ni rawar nan."