Karan Sigari a Bayan Kunne

Sagiru ya taso daga Taura zuwa filin jirgi don karɓar jakar amininsa Bunu, wanda ya rasu a Makka. Jirgin alhazai ya makara, kowa ya gaji. Gefensa wani dattijo ne zaune, leɓɓansa sun yi baƙi, yana jujjuya karan sigari yana shinshinawa. Ya dubi allon da ya hana shan taba, ya soke karan a bayan kunne, yadda Bunu yake yi.

"Baba, a waje ana bari," in ji mai gadi.

"Hajiyata na cikin jirgin nan, ɗana. Na ce mata na daina, kuma hancinta ba ya kuskure."

Sagiru ya sunkuyar da kai. Shi dai dattijon, wadda yake jira da ƙafarta za ta sauko.