Sani Mai Tankaɗen Yashi

Cikin ihu Rakiya ta fara jin sunan kawunta. Tana 'yar shekara takwas, a gidansu na Bungudu, uwarta Luba ta ɗauko rariya za ta tankaɗe garin tuwo, sai ta iske idanun rariyar duk sun toshe da yashi.

"Sani! Sani ka kashe ni! Wagga ita ce ta uku!"

Kafin ranar, Kawu kawai ta san shi da shi: ƙanen uwarta mai zuwa daga Gusau bisa keke, ya gaisa a tsaitsaye, ya sulale bakin gulbi da buhu da rariyar da bai tambaya ba.

A Gusau, bayan kulob ɗin ma'aikatan wani kamfanin auduga, akwai tafki na siminti inda Turawa ke faɗawa ruwa da rana tsaka, ba don sun yi datti ba, ba kuma don neman kifi ba. Kawu Sani ne mai kula da ruwan. Dangi na alfahari da shi matuƙa. In aka tambayi Luba aikin ƙanenta, sai ta ce yana kamfani, ta yi maza ta sako zancen tsadar gishiri.

Gefen tafkin akwai ɗan ɗaki, a ciki tankin ƙarfe mai kama da ƙatuwar randa, cike da yashi. Inji na janyo ruwan tafki ya tura shi ta sama, ya ratsa yashin ya bar dattinsa, ya fita ta wasu bututu masu ƙananan ƙofofi a ƙasa, ya koma garau. A kan tankin akwai agogo mai hannu ɗaya. In hannun ya hau ja, yashi ya ƙoshi ke nan. Sai Sani ya kashe inji, ya juya makunnai, ruwa ya shiga ta ƙasa ya tafasa yashin, datti ya bi kwata har sai ruwan ya yi fari, sannan ya mai da komai yadda yake. Wato dai mutum ne da aka ɗauka ya wanke ruwa da yashi, sannan ya wanke yashi da ruwa. Shekara goma sha huɗu yana wannan, bai taɓa tsoma ko ɗan yatsan ƙafa a tafkin ba, shi da ya koyi iyo a gulbi tun bai iya ɗaura wando ba. Doka ta hana, kada ya ɓata ruwan.

A 1976 Baturen injiniya ya koma ƙasarsu, aka naɗa manaja ɗan ƙasa, Lukuman mutumin Tsafe, mai kwat da takardar shaida daga Kaduna. Ba ya amsa Malam, sai Mista. Da zuwansa ya nemi littafin injin. Aka ce gara ta cinye shi tun kafin yaƙi.

"To da me kake aiki?"

Sani ya nuna tafin hannunsa. Mista Lukuman ya dubi hannun, bai ga Turanci a rubuce ba, ya kau da kai.

Da lokacin sauya yashi ya yi, Sani ya roƙi motar kamfani da kwana uku, zai je Bungudu ya tankaɗo sabo.

"Kwana uku kana tankaɗe? Amarya muka ɗauka aiki?" in ji Mista Lukuman. "Mu a Tsafe muna da rairayi fari sol, wanda iyayenmu ke shimfiɗawa a ɗaka, laushi kamar gari. Iya laushi, iya tacewa. Wannan kimiyya ce."

"Ranka shi daɗe, wanga tanki ba ɗakin tsohuwa ba ne. Gari wucewa zai yi."

"Wace makaranta aka koya maka?"

Ran Litinin mota ta dawo daga Tsafe. Leburori suka ɗura rairayi, Mista Lukuman da kansa ya kunna inji, ya tsaya bakin tafki hannu a aljihu yana jiran kimiyya. Ba ta ɓata masa lokaci ba. Rairayin ya bi ƙofofin bututu ya feso cikin tafki, kafin la'asar ruwan ya koma kunun tsamiya, sai dai babu ludayi.

Ga shi ran Asabar manyan kamfani za su zo daga Ikko da iyalansu. Mista Lukuman ya yi bincike mai zurfi na minti biyu, ya gano mai laifi.

"Shekara da shekaru kana lalata injin nan da jahilci, yau ya tona maka asiri. In Juma'a ta yi ban ga gindin tafkin nan ba, ka ajiye makulli ka koma ƙauye."

Sani na da mata da 'ya'ya biyar a ɗakin ma'aikata na kulob, gonar gado kuwa tuni ya bar wa dangi. Ya lissafa: buhu goma sha biyu na yashi, hannu biyu, ga kwashe tanki da share tafki, ba zai gama kafin Juma'a ba. Ya hau keke sai Bungudu.

Rakiya, tana aji uku na sakandare, ta zo hutu. Ta ga kawunta ya durƙusa gaban yayarsa ya zayyana komai.

"Au, yau kuma roƙon rariya aka? Ba sata ba?" in ji Luba. "To mi kake so ainihi?"

Ya ce yashi ake so wanda ba tsakuwa ba, ba kuma gari ba. A tankaɗe da mai manyan ido a zubar da na sama, a sake tankaɗewa da mai ƙananan ido a zubar da na ƙasa, na tsakiya shi ne magani.

Luba ta tafa hannu. "Tsaki! Kai ku ji min ɗan banza, tsaki yake so! Shekara nawa kana kashe min rariya ba ka ce tsaki ba? Asabe! Kira min matan unguwa, kowa da rariyarta. Injiniyan gidanmu na son dambun yashi."

Wuni biyu mata goma sha ɗaya suna bakin gulbi, suna tankaɗe suna wankewa suna yi masa tsiya. Asabe, maƙwabciyarsu, ta ce in ya gama da Turawa ya zo ta ɗauke shi surfe. Sani na bi yana murza yashin tsakanin yatsu, bai sami wanda za a sake tankaɗewa ko ƙwarya ɗaya ba. Abin da yake yi a kwana uku yana gumi, su sun yi shi suna hira.

Ran Alhamis da hantsi aka kai buhunan Gusau. Sani ya kwashe kimiyyar Tsafe daga tanki da kwano, ya wanke bututun ɗaya-ɗaya, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya zuba tsaki a kai. Ya share gindin tafki da dogon tiyo. Sau huɗu hannun agogo na hawa ja, sau huɗu yana juya ruwa. Bayan sallar Juma'a, wanda ya tsaya bakin tafkin yana iya ƙirga tsagar simintin da ke ƙasa.

Ran Asabar babban baƙo ya fito daga ruwa yana tsiyaya, ya ce bai ga irin wannan ba ko a Ikko. Mista Lukuman ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya ce wata sabuwar dabara ce da ya koyo a Kaduna. Kura da shan bugu, gardi da amsa gaisuwa. Sani ya tsira da makullinsa, har da ƙarin girma: takardar gargaɗi, kan tafiya Bungudu ba da izini ba.

Bayan mako guda ya kawo wa Luba sabuwar rariya, ta farko da ya taɓa biya. Sannan ya kira Rakiya zaure, ya fito da farar takarda mai kauri.

"Ɗiyata, wanga mutum ba shi jin magana sai ta takarda. Badi in ya sake ɗauko rairayin tsohuwarshi, ban san ko matan nan za su sake taruwa ba. Zan faɗa miki yadda aka yi, tun daga gulbi har juya ruwa, ki rubuta da Turanci, irin mai wuyan nan, in liƙa jikin tanki in ce cikin kayan Bature na tsinta."

Rakiya ta gyara alƙalami. "Kawu, in sa sunanka a ƙasa?"

"A'a! In ya ga Sani, ba zai bi ba. Ki sa Ingila."